Direban yana aiki kuma ya fi sauri: me ya sa mai bita ya mayar mini da shi?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan bitar kod a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin na'ura da manhajojin da ke gudana a kanta. A wurin da nake aiki muna haɗa wani ƙaramin allo da ke auna ƙarfin batir, da yawan wutar da ke shiga da fita, da zafin batirin, domin gidajen da ke amfani da sola. Guntun lantarkin da ke yin awon yana haɗe da furosesa ta layin I2C, wato wayoyin da guntaye ke musayar bayanai ta kansu, furosesar kuma ARM ce mai ƙwaya huɗu. Na shafe kusan wata biyu ina rubuta direban wannan guntu, wato kod ɗin da kanel ke magana da guntun ta cikinsa, na gwada shi dare da rana a kan allon, bai taɓa tsayawa ba. Nufinmu shi ne mu aika shi ga masu kula da kanel domin ya shiga cikin Linux ɗin da kowa ke amfani da shi, amma ƙa'idarmu ita ce babban injiniyanmu ya fara dubawa kafin a aika.

Ya mayar mini da shi da gyara uku. Na farko, na buɗe wata ƙofa ta ioctl, wato hanyar da manhaja ke aika wa direba umarni na musamman, wadda manhajarmu ke kira sau ɗaya ta karɓi awo uku tare da lokacin da aka ɗauke su, shi kuma ya ce in cire ta in bi hwmon, tsarin kanel na sa ido a kan lafiyar na'ura, inda kowane awo yake da fayil ɗinsa. Na biyu, na tsara yadda za a karanta awon ƙarshe ba tare da makulli ba, domin kada mai karantawa ya jira, shi kuma ya ce in sa mutex, wato makullin da ke barin aiki ɗaya kawai ya taɓa bayanan a lokaci guda. Na uku, na haɗa komai a faci ɗaya, wato ƙunshin canjin kod da ake aikawa, mai layi kusan 900, ya ce in raba shi gida biyar ko shida.

Na ukun bai dame ni sosai ba, ko da yake ina son sanin dalilinsa. Na farko da na biyu ne suka tsaya mini a rai, domin duka biyun suna mayar da direban baya ta fuskar sauri, kuma na farkon yana ɓata ma'anar awon, tun da idan aka karanta ƙarfin batir a wani lokaci, aka karanta yawan wuta a wani lokacin daban, lissafin da za a yi da su ba zai zama na lokaci guda ba. Da wane ma'auni mai bita yake auna irin wannan, har abin da ke aiki kuma ya fi sauri ya zama abin ƙi?

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan tsaya a kan gyaran farko, domin a ganina ya fi sauran biyun nauyi nesa ba kusa ba. Mai bitar kanel yana raba abin da ke gabansa gida biyu: abin da za a iya canzawa gobe, da abin da ba za a iya canzawa ba har abada. Duk abin da ke cikin direbanka, tsarin ayyukansa da sunayensu da irin makullin da ka zaɓa, ana iya sake shi a fitowa ta gaba, kuma Linux da gangan bai yi alkawarin daidaitacciyar mashiga a cikin gida ba. Amma ƙofar da ka buɗe wa manhajojin waje zarar bunu ce. Da zarar ta fito a wata siga ta kanel, wani ya rubuta manhaja a kanta, to ta zama nauyi a wuyan mutanen da ba su san ka ba, kuma za su ci gaba da ɗaukarta bayan ka bar wannan aiki.

Dokar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fi tsananta a kanta ke nan tun shekaru da yawa: sabon kanel ba ya karya manhajar da ke aiki a kan tsohon. A watan Disamba na 2012 an yi wani canji a sashen na'urorin bidiyo wanda ya sa wani kiran ioctl ya riƙa mayar da lambar kuskure ENOENT a inda da yake mayar da EINVAL. Lamba ɗaya ce kawai ta canza, amma manhajar sauti PulseAudio ta rikice a kwamfutocin mutane, kuma Torvalds bai karɓi hujjar cewa laifin manhajar ba ne, kanel aka gyara. Ka ga ko lambar kuskuren da ƙofarka ke mayarwa ta shiga cikin alkawarin.

Tarihin kiraye-kirayen kanel cike yake da ƙofofin da aka gina ba a bar musu wurin faɗaɗawa ba. Akwai accept, aka rasa inda za a ƙara masa zaɓi, sai aka ƙirƙiro accept4. Haka pipe ya haifi pipe2, dup2 ya haifi dup3, renameat ya haifi renameat2, kuma duk tsofaffin suna nan ana kula da su. Misalin da ya fi koyarwa shi ne na open, kiran buɗe fayil. Tun asali wannan kira yana kau da kai daga duk alamar da bai sani ba, ba ya mayar da kuskure. Da aka zo ƙara O_TMPFILE, alamar ƙirƙirar fayil na wucin gadi, a sigar 3.11 a shekarar 2013, sai aka ga cewa manhajar da ta nemi wannan sabuwar alama a kan tsohon kanel ba za ta gane an yi watsi da buƙatarta ba. Dole aka yi dabara, aka haɗa sabuwar alamar da O_DIRECTORY, alamar buɗe kundi, domin tsohon kanel ya ga ana neman buɗe kundi don rubutu ya ƙi. Sai a 2020, a sigar 5.6, aka samu openat2, wanda ke ƙin duk alamar da bai sani ba, kuma yake karɓar tsarin bayanai tare da girmansa domin a iya ƙara masa filaye nan gaba.

Yanzu ka koma ga tsarin bayanan da ioctl ɗinka ke mayarwa, ka yi masa tambayoyi. Da wane nau'i ka ajiye lokaci? Idan nau'in long na yaren C ne, girmansa bayit 4 ne a tsarin bit 32, bayit 8 a tsarin bit 64, don haka manhajar bit 32 a kan kanel na bit 64 za ta karanta shirme sai an rubuta mata hanyar fassara ta musamman. Kuma daƙiƙoƙin da aka ƙirga daga 1970 a lamba mai bit 32 za su cika ranar 19 ga Janairu, 2038, matsalar da ta ci wa Arnd Bergmann da abokan aikinsa shekaru kafin su kammala gyaranta a sigar 5.6. Akwai giɓi tsakanin filayen tsarin? Idan akwai, kuma ba ka share shi ba kafin ka kwafa wa manhaja, ka miƙa mata guntun abin da ke cikin ma'adanar kanel. Idan shekara mai zuwa kuka sauya guntun da wanda ke auna abu huɗu, ina na huɗun zai shiga?

Tsarin hwmon ya riga ya amsa waɗannan duka. Fayil ɗin in1_input yana ba da milibolt, curr1_input yana ba da mili-amfiya, temp1_input yana ba da kashi ɗaya cikin dubu na digirin Salsiyas, kuma manhajar sensors da duk masu bin wannan tsari za su karanta allonku ranar farko ba tare da an ƙara musu layi ɗaya ba. Ka yi asarar ɗan sauri, ka samu ƙofar da ba kai kaɗai ke gadinta ba.

Sai dai ƙorafinka game da awo na lokaci guda gaskiya ne, kuma bai kamata a share shi ba. An gina hwmon ne domin sa ido a hankali, kamar zafin furosesa da gudun fanka. Idan da gaske kuna buƙatar ƙarfi da yawan wuta na lokaci ɗaya tare da hatimin lokaci, akwai tsarin IIO, wanda ke tara awo a jere ya miƙa su ta fayil ɗin na'ura guda. Guntayen INA219 da INA226 na kamfanin Texas Instruments, waɗanda aikinsu ya yi kama da na naku, suna da direba a hwmon kuma suna da wani a IIO saboda wannan bambanci. Ka karanta su biyun kafin ka koma wurin babban injiniyanku.

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Malam ya gama magana a kan ƙofa, ni kuma zan ɗauki batun makulli. Ɗan'uwa, ka ce hanyarka ta fi sauri, amma ba ka faɗa mana da nawa ta fi ba, kuma wannan ce tambayar farko da kowane mai bita zai yi maka. Mu yi lissafin tare. Karanta rajista mai bayit 2, wato ƙaramar ma'adanar cikin guntun, a layin I2C yana buƙatar wucewar bayit kusan 5, kowanne da bugu 9 na agogon layin. A gudun kilohaz 100 wannan ya kusa rabin milisakan, a kilohaz 400 kuma ya ɗan haura kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Ɗaukar mutex ɗin da babu mai riƙe da shi ba ya wuce 'yan gomomin nanosakan. Wato abin da ka ceto ya gaza abin da layin da kansa ke ci sau dubbai, kuma batir ba ya canza hali a cikin milisakan.

Abin da ka biya kuma ba kaɗan ba ne. Furosesar ARM tana da 'yancin sake jera karatu da rubutun ma'adana fiye da yadda furosesar x86 ta yawancin kwamfutoci ke yi, kuma manhajar da ke harhaɗa kod ita ma tana da nata 'yancin. Kod marar makulli yana buƙatar shingaye masu hana wannan sake jeri, irin su smp_store_release da smp_load_acquire a daidai wurarensu, kowanne da bayanin wanda yake abokin tafiyarsa. Idan ɗaya ya kauce, ƙwaya ta biyu za ta iya ganin sabon ƙarfin batir tare da tsohon yawan wuta, wato ainihin abin da kake gudu. Wata biyu na gwaji ba ya wanke irin wannan kod, domin rige-rige tsakanin ƙwayoyi yana iya ɓuya shekaru. Ramin tsaron da aka sa wa suna Dirty COW, wanda aka bayyana a Oktoban 2016, rige-rige ne a sashen kula da ma'adana, ya zauna aƙalla shekara tara a kanel, yana ba wa mai amfani na gama-gari damar rubutu a fayil ɗin da bai kamata ya taɓa ba. Torvalds da kansa ya rubuta a bayanin gyaran cewa ya taɓa yunƙurin toshe shi shekara goma sha ɗaya kafin nan, aka janye gyaran saboda matsalar da ya jawo a manyan kwamfutocin s390 na kamfanin IBM. Idan haka ta faru a sashen da ƙwararru suka fi zuba wa ido, ka auna ƙaramin direban da mutum biyu ko uku ne za su taɓa karantawa.

Akwai kuma kayan bincike. Tun 2006 kanel yana da lockdep, wanda ke bin diddigin jerin da ake ɗaukar makullai ya yi gargaɗi tun kafin cijewa ta auku. Da mutex kana cin moriyarsa kyauta, da dabararka kuwa babu abin da zai gani. Ka kuma lura cewa mutex aka ce maka, domin jiran layin I2C yana sa aiki ya yi barci, barci kuma haramun ne ga mai riƙe da spinlock, wato ɗaya nau'in makullin wanda mai jiransa ke ta juyi ba ya barci.

Ba wai kanel yana ƙin dabara ba ne. Da Linux 2.0 ya fara aiki da furosesa fiye da ɗaya a 1996, makulli guda babba aka sa wa kanel gaba ɗaya, domin shi ne abin da za a iya tabbatar da ingancinsa a lokacin. Aka yi ta rage masa iko a wuraren da awo ya nuna cunkoso, har aka cire shi baki ɗaya a sigar 2.6.39 a 2011. Tsarin RCU, wanda Paul McKenney ya fi shahara da shi, ya shiga a 2002, yana barin masu karatu su wuce ba jira, kuma ana amfani da shi a wuraren da ake karatu sau miliyoyi, kamar neman sunan fayil da zaɓar hanyar saƙo a sashen sadarwa. A can ribar ta kai girman da za ta biya wahalar fahimtarsa. Idan kana da awon da ya nuna mutex yana cutar da allonku, ka kawo lambobin a bayanin facin, za a saurare ka.

Raba facin kuma dalilinsa git bisect ne, wato hanyar gano canjin da ya jawo matsala. Kowace fitowar kanel tana ɗauke da canje-canje fiye da dubu goma, kuma idan wani abu ya lalace, ana raba su biyu-biyu ana gwadawa, cikin zagaye kusan 14 a kai ga canji guda. Idan wannan canjin layi 40 ne mai manufa ɗaya, an gano cutar. Idan layi 900 ne mai manufa shida, aiki bai ƙare ba. Shi ya sa ake so kowane faci ya yi abu ɗaya, kuma kanel ya haɗu ya yi aiki bayan kowannensu.

Mai Haɗa Rauta ya rubuta:

Na yarda da Malam da Malama a kan wannan direba, amma ina tsoron kada Ɗan Koyo ya tashi da fahimtar cewa taka-tsantsan ba shi da farashi, ko kuma cewa mai bita ba ya kuskure. Na yi shekaru ina aiki da na'urorin da kamfanoninsu suka ɗauki tsohon kanel, suka lafta masa nasu direbobin, ba su taɓa aika su ko'ina ba. Wasunsu sun gwada aikawa, aka mayar musu sau uku ko huɗu, ranar fitar da kaya kasuwa ta matso, suka haƙura. Kod ɗin da aka ƙi bai mutu ba, yana nan a gidajen mutane yana aiki, babu mai duba shi, babu mai yi masa gyaran tsaro. Mai bitar da ya ɗaga ma'auni har mai kawo faci ya gudu bai kare kowa ba.

Android misali ne a fili. Wayoyinsa sun fito a 2008 da tsarin wakelock, wanda ke hana waya barci idan wata manhaja tana da aiki. Masu kula da kanel suka ƙi tsarin, aka yi doguwar muhawara, Google ya ci gaba da nasa reshen, kuma direbobin da aka rubuta a kansa suka kasa shiga babban kanel. Sai a 2012, a sigar 3.5, aka samu wata hanya mai kama da shi wadda ɓangarorin biyu za su iya zama da ita. Facin PREEMPT_RT, wanda ke sa Linux ya amsa a kan ƙayyadadden lokaci domin injinan masana'antu, ya yi kusan shekara ashirin a waje kafin ya kammala shiga a sigar 6.12 a ƙarshen 2024. Na san jinkirin ya inganta shi, kuma gutsattsarinsa da dama sun shiga tun da wuri, amma duk tsawon lokacin masu buƙatarsa suna ɗauke da nauyin haɗa shi da kansu.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. An karɓi io_uring na Jens Axboe a sigar 5.1 a 2019 saboda saurin da yake bayarwa wajen karatu da rubutu, ta hanyar zoben ma'adana da kanel da manhaja ke tarayya a kai. A 2023 Google ya sanar cewa kusan kashi 60 cikin 100 na hanyoyin kutsen da aka kawo wa shirinsa na ba da lada a shekarar da ta gabata ta io_uring suka bi, ya kashe shi a ChromeOS da sabobinsa, ya taƙaita shi a Android. Sigar 6.6 ta zo da maɓallin kashe shi gaba ɗaya. Har yanzu masu rumbunan bayanai suna amfana da shi ƙwarai. Ban iya cewa karɓarsa kuskure ne ba, ban kuma iya cewa an biya shi da araha ba.

Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ita ce kada ka karɓi gyara ba tare da dalili ba, kuma kada ka ƙi shi ba tare da lamba ba. Ka tambayi babban injiniyanku ko ya san buƙatarku ta awon lokaci guda lokacin da ya ce hwmon, domin mai yiwuwa bayanin facinka bai faɗa ba. Yawancin saɓanin da na gani tsakanin mai rubutu da mai bita daga nan yake farawa: ɗaya ya san buƙatar bai rubuta ta ba, ɗayan ya san tarihin bai bayyana shi ba.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba, kuma Malam ya faɗi daidai: long na yi amfani da shi wajen lokaci, kuma akwai giɓin bayit 4 a tsarin wanda ban share ba. Na kuma auna kamar yadda Malama ta nema. Da mutex da babu shi, ban iya ganin bambanci ba a cikin lokacin da layin I2C ke ci, don haka na mayar da makullin, direban ya ragu da layi kusan 70.

Bayanin facina kuwa jimla biyu ne kacal, bai ambaci dalilin da ya sa muke son awo uku tare ba. Da na yi wa babban injiniyanmu bayani, sai ya tambaye ni sau nawa manhajarmu ke karantawa, na ce sau ɗaya a daƙiƙa. Ya nuna mini a takardar bayanin guntun cewa shi da kansa yana ninka ƙarfi da yawan wuta ya ajiye sakamakon a wata rajista, wadda ban yi amfani da ita ba, kuma hwmon yana da power1_input domin irin wannan. Abin da ya rage mini shi ne wannan: muna da niyyar nan gaba mu riƙa ɗaukar awo sau ɗari a daƙiƙa domin kama lokacin da firiji ko injin ruwa ya tashi. Shin in fara da IIO tun yanzu, ko in aika na hwmon in jira buƙatar ta zo?

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Idan awo sau ɗari a daƙiƙa yana cikin tsarin aikinku na gaske, an sa masa lokaci, to ka fara da IIO, domin akwai direban iio-hwmon da ke ɗaukar tashoshin IIO ya nuna su a matsayin fayilolin hwmon, ka samu biyun daga direba ɗaya. Komawa daga hwmon zuwa IIO daga baya ya fi wuya, tun da fayilolin da ka riga ka fitar dole su ci gaba da zama. Idan kuwa niyya ce kawai wadda ba a tsayar ba, ka aika na hwmon, ka rubuta a wasiƙar da ke gaban jerin facin cewa kun yi tunanin IIO da dalilin da ya sa ba ku zaɓe shi ba. Kafin ka aika ka bi da facin ta checkpatch.pl mai duba salon rubutun kod, ka nemi sunayen waɗanda za a aika wa da get_maintainer.pl, kuma idan IIO ka zaɓa ka sa masu kula da hwmon a kwafi, domin guntun da ke auna wuta yana kan iyakar sassan biyu ne, kuma gara su faɗi ra'ayinsu a zagayen farko.